Malam Ƙarfe-Nawa da Ajin da Ya Zame Masa Kunne

Kowace safiya, kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, wani dattijo siriri yakan hau matakalar cibiyar ilimin manya da tsohuwar jaka a hammata. A hawa na biyu yakan tsaya ya huta, ko da yake shi cewa yake yana duba ko an yi shara. A hawa na uku ya buɗe ɗakin da ke ƙarshen baranda, ya tura tagar da kafaɗa domin katakonta ya daɗe da kumbura, ya goge allo, sannan ya sauko da agogon bango. Agogon ba batir, ba gilashi, da yatsa ake juya hannayensa. Sai ya zauna jiran ɗalibansa: direbobi, masu gadin da suka kwana a bakin ƙofar wasu, masu shara a otal, teloli, 'yan dako. Mutane ne da suka haifa har suka aurar, amma 'yar takardar Turanci tana fin ƙarfinsu. Su suka sa masa suna Malam Ƙarfe-Nawa, domin da wannan tambayar yake buɗe darasi, har sunansa na gaskiya ya ɓace. Kwanan nan ya ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗoriya. Na duba jaridu ban ga wanda ya lura ba, shi ya sa na ari wannan shafin.

Na karanta littattafan Turanci da yawa a rayuwata, wasunsu ma sun cancanci a karanta. Ban ga wanda ya ɓata shafi guda a kan abin da Malam ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai ba. Shi ƙananan kalmomin nan da ke zama gaban lamba yake koyarwa, irin su at, by, in, on, under da over. Hujjarsa ita ce talaka ba ya gamuwa da Turanci a cikin waƙa ko jawabi. A bakin ƙofa yake gamuwa da shi, kuma kullum da lamba yake tafe: ƙarfe kaza, hawa na kaza, ɗaki mai lamba kaza, 'yan ƙasa da shekara biyar su bi nan, waɗanda suka haura sittin su bi can, a shigo bibbiyu. Lambar kowa ya santa. 'Yar kalmar da ke gabanta ita ce ke gaya maka ko da ƙarfe tara ake son ka zo, ko kuwa kada tara ta buga ba ka iso ba. Wanda bai kama ta ba zai zo da tsabtarsa da ladabinsa, ya tarar an rufe ƙofa.

Ba ya son dogon bayani a allo. Idan zai koyar da hawan bene, sai ya kwashi aji duka zuwa matakala, kowa ya faɗi inda yake tsaye kafin ya ƙara taku. Idan maganar shiga bibbiyu ce ko uku-uku, sai ka ga manya da furfura sun jeru a baranda kamar 'yan firamare, suna dariya suna ture juna. Idan lokaci ne, ya ɗaga agogon ya juya hannunsa ya nuna mutum. Kuma yana da doka ɗaya da yake maimaitawa har aka gaji: “Kada ku haɗiye ƙaramar kalma. Masu harshen suna haɗiye ta, domin nasu ne. Ku baƙi ne, ku tauna ta a gani.” Don ya san yadda masu harshen ke haɗiyewar, a ranakun hutu yakan je tashar jirgin ƙasa ya tsaya ƙarƙashin lasifika yana sauraron sanarwa, ba tare da zai je ko'ina ba. Kunnensa shi ne kayan aikinsa, kamar almakashi a hannun tela.

Ta hanyar matata, Allah ya jiƙanta, na san shi. Tela ce, kuma ta ƙi yarda ni in koya mata. “Kai in na tambaye ka kalma ɗaya sai ka ba ni tarihin kakanta,” in ji ta. Don haka nakan raka ta, in zauna a bencin baranda da littafina. Wata rana Malam ya leƙo ya ce yana neman wanda zai zauna bayan tebur ya yi kamar ma'aikacin ofis mai ƙosawa da mutane, domin ɗalibai su gwada Turancinsu a kansa. Ajin duka suka yarda cewa fuskata ta dace da aikin. Daga ranar sunana ya koma Baƙo, tunda ni ba ɗan ajin ba ne. Bayan rasuwarta na daina fita. Sai ga saƙo daga Malam, jimla ɗaya: teburin yana nan, kuma babu wanda ya iya ɗaure fuska kamar ni. Na koma. Abin da zan faɗa daga nan, da idona na gani.

Na ga mai gadin da ya yi shekaru yana nuna wa baƙi hanya da haɓa, ya koma yana gaya musu hawa da lambar ɗaki da bakinsa, har aka mai da shi teburin karɓar baƙi. Na ga uwar da ta daina bin layin manya da jariri a goye, domin ta iya karanta allon da ke cewa 'yan ƙasa da shekara biyar ƙofarsu daban. Ba manyan abubuwa ba ne, na sani. Ba a yanka ƙyalle a buɗe su da tafi. Amma wanda bai taɓa wuni a layin da ba nasa ba, ya yi shiru.

Shekara uku da suka wuce kunnen Malam ya fara tafiya. Kuma da yake duniya ta iya zaɓen inda za ta ciji mutum, ƙananan kalmomin ne suka fara ɓace masa. Manyan yana tsintar su, lambobi ma yana kamawa, amma 'yan gajerun nan da ya yi rayuwarsa yana tsaro sun daina isa gare shi. Wadda ta fara ganewa ita ce Uwar Aji, wata mai shara a otal da ta fi kowa shekaru, wadda ta gama ajin tuntuni amma ta ƙi tafiya. Ranar nan wani direban tasi da ake kira Dogo, mutum mai gashin baki kamar tsintsiya, ya ba da amsa ya haɗiye kalmar ɗungurungum. A da, da Malam ya buga tebur. Ranar sai ya ce, “Madalla.”

Da aka tashi, Uwar Aji ta tare mu a matakala.

“Ku tsaya. Kunnen Malam ya tafi.”

“Haba Goggo,” in ji Dogo, “ko dai Turancina ne ya gyaru?”

“Ranar da Turancinka ya gyaru, ni zan karɓi tasin in tuƙa. Rufe mini baki, ɗan nan, magana nake.”

Babu wanda ya yi dariya sosai, domin kowa ya san abin da ke ƙasa. Dokar cibiyar ta ce malamin harshe da ba ya ji za a sallame shi saboda rashin lafiya. Kuma kowa ya san ba za a turo wani ba, rufe ajin za a yi. Malam saura masa 'yan shekaru ya ajiye aiki da ƙafarsa. Idan maganar ta hau sama, za a fitar da shi a tsakiyar zango, da jakarsa a hammata, a gaban mutanen da yake koya wa yadda ake shiga ƙofa. Uwar Aji ta ce ita dai tana da rai ba za a yi haka ba.

A wannan matakalar aka ƙirƙiro abin da ya riƙe ajin har ƙarshe. Kowace ƙaramar kalma aka yi mata alama da hannu. Idan da ƙarfe kaza ne, ka taɓa wuyan hannunka. Idan kafin lokaci ya cika ne, ka sari iska a gabanka kamar mai kafa iyaka. Abin da ya haura, tafin hannu a saman kai. Abin da bai kai ba, tafin hannu a ƙasan haɓa. Lamba kuwa da yatsu. Saura yadda za a shigo da abin ba tare da an kunyata dattijo ba. Dogo ya ce a bar masa.

Washegari ya ɗaga hannu. “Malam, ka san kaina rariya ne. Na lura in ban haɗa da hannu ba, kalmar zubewa take. Ka yarda in riƙa nunawa?”

Ya faɗi jimlarsa yana taɓa wuyan hannu, yana ɗaga yatsu. Malam ya kalli hannun, ya kalli fuskarsa. Sannan ya ce, “To. Tunda rariya ba ɗaya ba ce a ajin nan, kowa ya yi.”

Sauran suka biyo baya a hankali. Uwar Aji ta fara ƙorafin idonta, wai ba ta gani sai an juya bencunan sun fuskanci taga, alhali matar nan tana hango ƙura a saman ƙofa daga ƙarshen baranda. Da aka juya, haske ya riƙa dukan fuskar kowa, Malam yana karanta leɓɓa. Ni aka ce in daina magana cikin haƙora, in kuma sauke littafi daga gaban bakina. Sai matsalar Dogo, wanda ba a ganin leɓensa na sama tun yana saurayi. Uwar Aji ta kalle shi, ta kalli gashin. Ya yi kwana biyu yana shafa shi kamar mai ban kwana. Ranar Litinin ya shigo fuska fayau, ajin ya kwashe da dariya har wani tela ya faɗo daga benci.

“Me ya faru, Dogo?” in ji Malam.

“Zafi, Malam.”

“Matarka ta gane ka?”

“Ta ce in jira a waje, maigidan bai dawo ba.”

Duk sabon ɗalibin da ya zo, a matakala ake tare shi a gaya masa cewa a nan da hannu ake Turanci, kuma ba a magana idan Malam ya juya baya. Babu wanda ya kai maganar ofis, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba sa iya riƙe sirrin maƙwabci daga safe zuwa azahar. Abin ya bi jikinsu har waje. Dogo ya ce wata rana yana gaya wa fasinja lokacin da za su isa, ya saki sitiyari da hannu biyu yana nunawa, fasinjan ya ce a sauke shi nan, ya fasa tafiyar. Abin da ba wanda ya zata shi ne, sun fi na da iyawa. Kalmar da ka yi wa alama da hannunka ba ta haɗiyuwa.

A shekarar ƙarshe aka aiko cewa sufeto zai zo duba ajin. Ban taɓa ganin tsoro irin na makon nan ba. Wani mai gadi ya zo darasi bai runtsa ba. Aka yi ta gwaji bayan Malam ya tafi, ni ina sufeto. Aka shirya cewa duk abin da baƙon ya faɗa daga inda Malam ba ya ganin bakinsa, Uwar Aji za ta yi kamar ita ce ba ta ji ba, ta maimaita tana fuskantar Malam.

Sufeton ya zo, yaro ne da bai kai ɗan Malam ba, da waya a hannu. Ya wuce kujerar da aka goge masa a gaba, ya je can baya ya zauna, wurin da ya fi ko'ina muni. Darasi ya tafi kamar ruwa. Hannaye suna tashi suna sauka, Malam yana juya agogo, ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Can Malam ya juya zai yi rubutu a allo, sai sufeto ya yi magana daga baya. Malam ya ci gaba da rubutunsa. Na ga gumi a wuyan Dogo.

Uwar Aji ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta tako har gaban allo inda dole Malam ya gan ta.

“Yallaɓai, ka yi wa tsohuwa haƙuri, kunnen ya tsufa. Cewa ka yi me?”

“Na ce ɗakin nan yana yoyo idan ana ruwa?”

Ta juya ga Malam, ta buɗe baki sosai. “Malam, wai yana tambaya ko ɗakin yana yoyo.”

“Ba ya yoyo, ranka ya daɗe,” in ji Malam. “Tagar ce dai sai da kafaɗa.”

Sufeto ya gyaɗa kai, ya dubi silin, ya dubi bango, ya tafi. Ita ke nan tambayarsa. Ajin ya jira har ƙarar takalminsa ta ɓace, sannan Dogo ya ɗaga benci sama don murna. Sun ɗauka sun ci yaƙi. Ni ma haka na ɗauka, kuma ni ne nake taƙamar na karanta littattafai.

Ana saura mako guda ɗalibai su zauna jarrabawar ƙarshe, Malam ya ce in raka shi ofishin shugaban cibiya, in zame masa kunne. Ya ce takardarsa ta ajiye aiki ta riga ta fito, ba abin da za a iya yi masa yanzu, kuma ba ya son ya fita daga ginin da ɓoye-ɓoye a wuyansa. Muka shiga. Shugaban yana danna kwamfuta, bai ce mu zauna ba. Malam ya tsaya da hularsa daidai, ya faɗi komai: tun yaushe kunnen ya tafi, da cewa ya san doka, da cewa laifin nasa ne shi kaɗai.

Shugaban bai ɗago kai ba.

“Ai mun sani, Baba. Tun bara waccan masinja ya gaya mana. Ba wani abu ba ne. Ajin 'yan dako ne da masu shara, ko ba kunne ai ana iya yi. Daman jira muke ka gama mu karɓi ɗakin.”

Da yake kansa a sunkuye yake, Malam bai ga bakinsa ba. Ya juyo gare ni.

“Baƙo, me ya ce?”

“Ya ce sun sani.”

“Bakinsa ya fi haka motsi. Sauran fa?”

Muka fito baranda, na tsaya inda haske yake, na gaya masa sauran, kalma bayan kalma, domin mutumin da ya hana a haɗiye kalma ba a haɗiye masa. Ya saurara da idonsa har na gama.

“Kada su ji sai sun gama jarrabawa,” ya ce. “Mutanen nan sun daɗe suna ɗauke da ni a kai. Kada su shiga ɗakin jarrabawa da sanin cewa ba wanda yake kallon mu.”

Na ce, “Ashe ka san abin da suke yi?”

“Kunne na rasa, Baƙo, idona yana nan. Tsohuwar da ke hango ƙura daga nesa ta ce ba ta gani, ni kuma in yarda?”

Sun yi jarrabawa, kusan duka sun ci. Yanzu sun ji, daga bakina, a matakala. Dogo ya zagi wanda ya zaga, ba zan rubuta ba. Uwar Aji ta ce, “To ai ba don su muka yi ba.” Ta fi ni haƙuri. Ni har yanzu abin yana ci na. Da sun kore shi, da aƙalla sun nuna cewa aikin yana da nauyin da za a tsare. Sun bar shi ne domin a wurinsu da mai ji da marar ji duk ɗaya ne, muddin masu shara ake koya wa. Ɗakin kuwa an ce zai zama ofishin sashen inganta koyarwa. An riga an kira kafinta ya gyara tagar.

Malam, bari in juyo gare ka. Kai ne ka ɗauki kalmomin da masana ke tsallakewa, ka ba mutanen da ake tsallakewa. Kai ne ka tsaya a tasha ƙarƙashin lasifika ba tikiti a hannu, domin wani mai gadi ya san ƙofar da zai nuna. Kai ne ka ga ana yi maka rufin asiri, ka fi masu yi iya rufewa, ka bar su da ladarsu da mutuncinka. Mai agogon da ba ya tafiya, wanda ya sa mutane da yawa suka isa a kan lokaci. Ka shiga ginin nan da ƙafarka, ka fita da ƙafarka, kuma ba alherin shugabanni ne ya fitar da kai ba, ko da sun so a ce haka.

Ku kuma masu karatu, da yawanku kun iya Turancin nan, wasunku har kuna yi wa iyayenku gyara. Gobe za ku wuce wani yana tsaye da takarda a hannu, yana kallon allon ƙofa, yana kunyar tambaya. Ku tsaya ku gaya masa hawa na nawa ne, da ƙarfe nawa, kuma ku gaya masa yadda zai gane da kansa wani karon. Ba ya buƙatar ɗaki a hawa na uku, ko izinin sufeto. Idan kuma kuna cikin ɗaruruwan da suka bi ta ajin nan, Malam yana gidan 'yarsa, yakan zauna a ƙofar gida da hantsi. Ku je. Kada ku yi masa ihu, ba ya so. Ku zauna a gabansa ku yi magana a hankali.

Malam, mun gode. Matata ta gode, na san da za ta faɗa, kuma da ta fi ni gajartawa. Na sa shi a rubuce ne domin wannan karon kada ka juya ka tambayi kowa me aka ce.